Tarwaɗar Ruwan Farko

Shekaranjiya da hantsi, bayan ruwan nan da ya kwana yana zuba, ka shigo gida da daro a ka, wando naɗe har gwiwa, yara na biye da kai suna sowa. Tarwaɗa 11 na ƙirga, manya-manya, wasu ko gama mutuwa ba su yi ba. Ka ce a bakin ƙoramar gabas kuka tarar da su, cikin ciyawa, a ruwan da ko idon sawu bai rufe ba, da sanda kawai kuka yi ta bugu kuna jefawa tudu. Kakarka ta jawo kujera gindin dogon yaro ta sa wuƙa. Tana farke ta farko sai ga ƙwai ya bulbulo, jaka biyu dogaye cike maƙil, launinsu tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, sun danne hanji sun tura hanta gefe guda. Bakwai daga cikinsu haka cikinsu yake.

Ban ce maka uffan ba a lokacin. Ba a yi wa namiji faɗa gaban yaran da ke yi masa kirari, balle kai da wata biyu ke nan mutanen gari suka damƙa maka littafin kwamitin tafki. Yau kuwa gida ya yi shiru, kowa ya tafi gona. Jawo tabarmar nan kusa, abokina, kafin ka koma wajen tsohuwar da kake neman ƙwace mini da daron kifi.

Mu Arawa ba mutanen ruwa ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Mutanen dutse ne mu, da fako, da gero. Dallol ɗin nan da ya ratso ta Matankari da Dogon Dutsi, ya bi ta Kore Mai Ruwa da Tibiri da Gecheme ya gangara kudu, kogi ne da ya mutu tun kafin kakannin kakanninmu, a kan gawarsa muke noma. Ruwansa ƙarƙashin ƙasa ya koma, shi ya sa a wasu fadamun gaba biyu kawai za ka haƙa ka tarar da shi. Da damina ne yake ɗan tunawa da kansa, tafkuna su cika, ƙoramu su haɗa wannan da wancan na ƴan kwanaki, sannan su yanke. Can ƙasa ne, bayan ya haɗu da dallol ɗin Foga, yake faɗawa kogin Kwara kusa da Dole. Saboda haka iliminmu na kifi gajere ne. Mun san cinsa, mun san haƙo gaiwa da rani. Wanda ya gaji koma da taru daga ubansa a garin nan, nuna mini shi.

Zamanin Kunce aka tura ni Gaya, ina saurayi kamarka, da kakin gandun daji mai guga da ɗan littafin da aka rubuta sunayen kifi da Latinanci. Sarkawan bakin kogi suna ganin tsagar da ke fuskata suka san daga inda na fito, suka laƙa mini suna kifin rijiya. Na ji haushi, amma gaskiya suka faɗa. Akwai wani tsoho a cikinsu, Allah ya jiƙansa, wanda ya ga wautata ta yi yawa har ta ba shi tausayi, ya riƙa ɗaukata a jirginsa. Wani dare a farkon damina, an yi ruwa irin na shekaranjiya, ya zo ya buga mini ƙofa ya ce in taso. Muka bi ta wata fadamar Dole da jiya-jiya shanu ke kiwo a cikinta, yau ruwa ya shafe ta. Tun daga nesa nake jin facal-facal, na ɗauka dabbobi ne suka ɓalle. Da ya haska fitila sai na ga ciyawar duk tana motsi. Tarwaɗa ce, ba ta ƙirguwa, bayanta a waje, tana kutsawa da ƙayar gefenta kamar mai rarrafe. Maza na cizon juna, wasu duk sun yi jina-jina. Can na ga wani namiji ya lanƙwashe jikinsa ya naɗe kan wata mace, suka yi tsit kamar an dasa su, ɗan lokaci kaɗan, sai ta kaɗa wutsiya da ƙarfi ruwan ya turbune, suka rabu.

Ni kuwa hannuna ya riga ya kai ga sanda. Tsohon ya riƙe mini wuyan hannu.

"Mi za ka yi, ɗiyana?"

Na ce, "Baba, ga abinci Allah ya kawo har tudu."

Ya ce, "Aje sandar ga. In ka iske matar maƙwabcinka bisa gwiwa, kashe ta kaka yi?"

Ya sunkuya ya tsinko ciyawa ɗaya ya kai gaban fitila. Ƴan ƙwayoyi ne manne da ita jere, ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba. Ya ce gobe war haka sun ƙyanƙyashe. Na tambaye shi yadda kifi ya san daren da zai hau. Ya ce ƙamshin ƙasa yake ji. Shekaru bayan haka, da aka tura mu kwas muka zauna gaban malamai masu farar riga, na tarar abin da suke zanawa a allo shi ne abin da tsohon nan ya nuna mini da fitilar kwano, sai dai su sun buɗe cikin sun ga yadda aikin ke tafiya. Shi nake so ka riƙe, don wanda ya san abin da ke cikin kifi ba sai an tsaya a kansa da bulala ba.

Lamarin yana farawa tun ba a ga hadari ba. Lokacin da ruwa ya malale fadama, abinci ya wadata, kifi yana ci yana tara kitse a ciki da tsoka. Kitsen nan guzuri ne kuma jari. Idan ɗari ya wuce, yini ya fara tsawo, ruwa ya ɗauki ɗumi, sai labari ya kai ga ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar akwai wata ƴar ƙwaya fara, a tarwaɗa ba ta wuce ƙwayar dawa ba, a makaranta ipofiz muke ce mata. In ka fasa kan tarwaɗa a hankali ka ɗaga ƙwaƙwalwar za ka gan ta zaune cikin ɗan gurbinta. Ka ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin sarki, ƙwayar nan waziri, jini kuwa hanyar da ƴan aike ke bi, ƴan aiken su ne sinadaran da likitoci ke kira homon. Sarki ya yi magana, waziri ya tashi ɗan aike na farko zuwa jakar ƙwai. Jakar ƙwai ta aika nata saƙon ga hanta. Hanta ta shiga haɗa gwaiduwa daga abin da jiki ya tara, tana zubawa a jini, kowane ƙwai yana tsotsa yana cika. Aikin makonni ne, kuma yana faɗowa daidai cikin bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya, abinci ya yi ƙaranci. Shi ya sa za ka ga tarwaɗar ƙarshen rani da ƙaton ciki amma baya a rame. Jikinta ta kwashe ta zuba a ƙwai. Namijin ma haka, gwaiwansa biyu da ke kwance jikin ƙashin baya suna kumbura, gefensu ya yi yatsu-yatsu, fari kamar kindirmo.

Daga nan sai komai ya tsaya cik, kuma nan ne abin mamakin yake. Ƙwai ya cika amma bai nuna ba, yana nan manne da jakarsa. Akwai dogari a ƙofar waziri, wani sinadari da ake kira dofamin, aikinsa tare ɗan aike na biyu kada ya fita. Tarwaɗa tana iya zama haka mako da makonni, ɗauke da kaya niƙi-niƙi, tana jira. Sabon ruwa take jira, wanda zai ɗaga tafki ko kogi ya hau kan ciyawa. A daren da ya zo, dogari ya kauce, ɗan aike na biyu ya fita a guje, cikin ƴan awoyi ƙwai ya ƙarasa nuna, ya saki jikin jakarsa ya taru yana neman hanya. Daga wannan lokaci ba ta da sauran jinkiri, domin ƙwan da ya saki in bai fita ba lalacewa yake yi. Abin da ke sa ta manta da tsoro ke nan, ta kutsa cikin ruwan da yaro ɗan shekara bakwai zai iya kashe ta da sanda. Idan kuma ruwan bai zo ba sam, jiki yakan narkar da ƙwan ya shanye abinsa, shekarar ta wuce ba haihuwa.

Za ka ce me ya kai ta tudu, ga zurfi inda ba mai taɓa ta? A zurfin ne maƙiyan ƴaƴanta suke. Sabon ruwan da ya hau fadama kuwa babu manyan kifi a cikinsa, yana da ɗumi, kuma kashin shanu da busasshiyar ciyawar da ya jiƙa suna haifar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda su ne nonon ɗan kifi. Ƙwan yana da danƙo, ya manne da ciyawa kada laka ta binne shi. Kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ya ƙyanƙyashe, ya yi kamar kwana uku yana shan gwaiduwar da ke rataye a cikinsa, sannan ya buɗe baki. Uwa ba ta waiwayarsa, uba ma haka. Mace ɗaya mai kilo guda tana zubar da dubun-dubatar ƙwai, don kusan duka ƙwari da kwaɗi da tsuntsaye da ƴan'uwansu za su cinye, kaɗan ne za su kai kaka. To ka lissafa abin da ke cikin daronka, ciki bakwai, a daren da suka shekara suna shiri dominsa.

Ba kowane kifi ke yin sakaci irin na tarwaɗa ba. Bargi sheƙa yake ginawa cikin ciyawa, zagayayya, faɗinta ya kai mita guda, ya tsaya gadi. Gaiwa, wadda ke kwana cikin busasshiyar laka duk rani a naɗe cikin majinarta tana cin jikinta, ruwan farko na jiƙa ta take fitowa, ba da jimawa ba ta shiga hidimar haihuwa, namijin ne kuma ke tsaron ramin. Karfasa a baki take goyo. Hanyoyi daban-daban, amma kusan dukansu agogonsu ɗaya, zuwan ruwa.

In kana son shaida cewa dogarin nan gaskiya ne, je gonar kifi, irin waɗanda suka cika Birnin Kabi da gefen Yamai. Tarwaɗar kwamin siminti tana ci ta ƙoshi, tun ba ta shekara ba ta cika da ƙwai, amma ko za ta tsufa a wurin ba za ta zubar ba, don ruwan kwami ba ya hawa ciyawa. Sai an yi mata allura. Da can kan wata tarwaɗar ake fasawa a ciro ƙwayar nan, a niƙe ta da ruwan gishiri a ɗura wa macen, wato an aro ɗan aiken wani waziri ke nan. Wani masani ɗan Brazil, Rodolpho von Ihering, shi da abokan aikinsa suka fara amfani da dabarar a shekarun 1930, a yankin ƙasarsu mai fari irin namu, kan kifayen kogi da suka ƙi haihuwa a madatsun ruwa. Yanzu kwalba ake saye, irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo. Abu biyu ne a cikinta, ɗaya yana kwaikwayon muryar sarki, ɗaya yana ɗaure dogari. A zafinmu, bayan awa 8 zuwa 12, a matsa cikin macen ƙwai ya zubo cikin roba. Namijin kuwa ba ya matsuwa, sai an yanka shi an ciro gwaiwan an tsattsage a kan ƙwan. Na yi wannan aikin da hannuna, kuma duk lokacin da na yi sai na tuna fadamar Dole, inda Allah ke yin duk wannan kyauta cikin dare ɗaya, ba kwalba ba sirinji.

Tafiyar tarwaɗarmu gajera ce, daga gurbi zuwa ciyawa, wani lokaci ko kilomita ba ta kai ba. Akwai masu tafiyar da ta fi ta fatake. Salanga, ɗan'uwan kawara, daga Tafkin Cadi yake tasowa ya haura Shari da Lagon ɗaruruwan kilomita, ƙwansa na nuna a hanya, ya zubar daidai lokacin cikar kogi. Da farin 1972 da 1973 ya hana fadamun can cika, kamun salanga ya faɗi warwas. A kogin Yukon na Alaska da Kanada akwai kifin salmon da ke barin teku ya haura sama da kilomita 3,000 zuwa ƙoramar da aka ƙyanƙyashe shi, da ƙamshin ruwanta yake gane ta, kuma tun da ya shiga kogi ba ya sake cin komai. Kitsensa da tsokarsa ne ke komawa ƙwai, ya zubar ya mutu a wurin. Na fi jin daɗin labarin wani mai kama da maciji da ke kogunan Turai, wanda Faransawa ke kira angiy. Ɗaruruwan shekaru ana cinsa ba wanda ya taɓa ganin ƙwansa. A 1876 wani ɗalibi mai suna Sigmund Freud, wanda daga baya ya yi suna a ilimin halayyar ɗan Adam, ya zauna a garin Triyeste ya farke kusan 400 yana neman gwaiwan namiji, ya tashi ba tare da tabbaci ba. Ashe kifin ba ya balaga a kogi ko kaɗan. Sai ya yi shekaru masu yawa, sannan idanunsa su girma, hanjinsa ya shanye, ya faɗa teku, a cikin tafiyar kilomita dubu biyar ko fiye ne balagar ke zuwa masa. Wani ɗan Danmak, Johannes Schmidt, ya yi kusan shekara 20 yana bin ƴaƴan a teku, yana neman inda suka fi ƙanƙanta, kafin ya nuna Tekun Sargaso a farkon shekarun 1920. Ka ga ko Turawa sun yi zaman kifin rijiya.

Duk wanda balagarsa ke ɗaure da tafiya, in ka tare masa hanya ka kashe zuriyarsa ko ba ka taɓa shi ba. Tambayi Kabawa abin da suka gani bayan an gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, yadda ambaliyar da ke shafe fadamun Rima ta ragu, kifi ya bi ta. A watan Yuni na 1985 ni da idona na ga Kwara ta ƙanƙance har aka ce ta daina gudu a Yamai. Ga madatsar Kandaji ana ginawa, Allah ya sa masu riƙe da makullinta su tuna cewa kifi ma yana da rabo a ruwan cika. Waɗannan manyan abubuwa ne, sun fi ƙarfina da kai. Amma ƙaramar madatsa, wadda mutum ɗaya ke yi da kara da raga a bakin ƙorama, wannan na san ta, don na yi ta.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa ubanka ba. Bayan na dawo gida da aiki, an kawo mana ƴaƴan karfasa da na tarwaɗa cikin durom aka zuba a wani tafki da ba ya ƙafewa, ba nisa da nan. Ni aka ɗora a kai. Shekarar farko kifi ya yi albarka, mata suka koyi banda, har daga kasuwar Dutsi ake zuwa saye. Kaina ya kumbura. Da damina ta biyu ta zo, masunta baƙi da muka ɗauko suka ce a bar su su kafa dumba a bakin ƙoramun da ke shiga tafkin, don a nan kifi ke taruwa. Na san abin da ke tara shi. Na ga fadamar Dole, an riƙe mini wuyan hannu. Amma a bakin dumba ƙirga kamu yana da sauƙi, karɓar kason kwamiti yana da sauƙi, kuma ina son in rubuta babban adadi a rahoto. Na sa hannu. Da rani kuma muka bar taru ya share tafkin ba sau ɗaya ba, duk wani babba aka kwashe.

A shekara ta uku tarwaɗa ta zama labari. Karfasa kuwa ta cika tafkin fal, in ka jefa birgi da ƙyar kake jawowa, amma duk ƴan mitsi-mitsi, ƙaya da ido kawai. Wata safiya na ɗauki ɗaya a tafin hannuna, tsawonta bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba. Na ga maƙogwaronta a kumbure, na matsa kumatunta, sai ta tofo mini ƙwai rawaya a hannu. Uwa ce. A babban ruwa karfasa takan kai santimita 20 ko fiye kafin ta fara haihuwa, ga tawa ko 10 ba ta cika ba tana goyo. Dalilin a fili yake. Mun kashe tarwaɗar da ke rage yawan ƴaƴan karfasa, mun kwashe manya, ƙanana suka cunkushe a ruwa kaɗan. Ita kuwa karfasa in ta ji wuri ya ƙuntata, jikinta yakan gaggauta balaga. Da ta fara haihuwa girma ya tsaya, don abincin da zai zama tsoka ya koma ƙwai, ga shi takan yi kwana goma ko fiye da ƴaƴa a baki ba ta cin komai, ta sake su, ba da jimawa ba ta sake ɗauka. Ba a tafkinmu kaɗai ake ganin haka ba. Kifin kod na gaɓar Kanada, kafin a rufe kamunsa a 1992, an lura yana ta balaga da ƙuruciya da ƙaramin jiki. Masu saye suka daina zuwa. Wata tsohuwa mai banda ta tare ni a hanya ta ce, "Malam, ina kifin namu?" Na ce mata ruwa ne ya lalace. Ƙarya na yi mata, kuma ta rasu ban gyara ba.

Na ga kana murmushi, kana jiran in karkata maganar nan ta balaga da wuri zuwa kan aure da ƴan matan garin nan. Ba zan yi ba. Kana da hankali, kuma yau ta kifi muke yi.

Abin da zan roƙe ka, tunda alƙalami na hannunka, shi ne bakin ƙoramu. Daga ruwan shuka har gero ya fid da kai, kada a kafa komai a wurin, kada a shiga da sanda, kada a shiga da fitila da adda. Wannan kaɗai in ka samu, ka yi rabin aikin. Gidan sauron da ake rabawa don mata masu ciki da jarirai, wanda yara ke ja a gefen tafki, yana kwashe ƴan kifin da ba su kai ƙwayar wake ba, a hana. Masu feshin gona su daina wanke tankinsu a tafki. Gamalin da duk wata guba kuwa ba sai na faɗa ba, dokar kamun kifi ta riga ta haramta, kuma wanda ya zuba guba a ruwan da shanu da yara ke sha ba kwamiti ne ya kamata ya ji da shi ba. Idan an buɗe kamun kifi bayan kaka, a sa raga mai faɗin ido, kuma a ware gurbin da ya fi zurfi a ce nan ba a shiga, don a nan iyayen baɗi za su yi bazara. Tafkin da ka san zai ƙafe ƙurmus kafin damina, wannan a kwashe shi tas, ba laifi, sai dai a zaɓi manya masu lafiya a kai su wanda ba ya ƙafewa. Tarwaɗa tana shaƙar iska, cikin jiƙaƙƙen buhu ma za ta kai.

Ka kuma koya wa yaran nan bambance mace da namiji, abu ne na minti ɗaya. Juya ta ka dubi ƙasan ciki. Namiji yana da ɗan tsiro mai tsini a bayan mafitar kashi, mace tata zagayayya ce. In cikin ya yi taushi ya cika hannu, mafitar ta yi ja ta ɗan kumbura, to a kan gwiwa take.

Na san inda za a kama ka. Wani zai miƙe a taron ya ce, lokacin da kake hana mu kifi shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, ga noma ba ƙarfi a jiki. Gaskiya ne, kada ka musa masa, kada kuma ka karanta masa doka da Faransanci yadda na riƙa yi ina saurayi. Mai yunwa ba ya jin Latinanci. Ka bar wa kowane gida ƙugiya a tsakiyar tafki don miyar dare, da sharaɗin mai ƙwai a mayar da ita. Ka sa limami da maigari su faɗi maganar da bakinsu, don a garin nan abin da dattawa suka hana ya fi abin da takarda ta hana tsawon rai. In sun ce wannan sabon abu ne na ƴan boko, ka tuna musu Argungu, ga ta nan ƙetaren iyaka, da yawansu sun je kallo. Tun 1934 ake bikin kamun kifin nan a yadda aka san shi yanzu, kuma giwan ruwan da ake fitowa da ita a Matan Fada, wadda sai ƙarti sun taru suke ɗagawa, ba daga sama take faɗowa ba. Wurin a tsare yake, ba mai jefa raga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, ranar kuma homa da gora kawai ake shiga da su. Macen giwan ruwa sai ta shekara kamar uku kafin ta yi ƙwan fari. In da kowa na shiga yadda ya ga dama, da wace za ta kai?

Ƙwan da kakarka ta soya da albasa shekaranjiya, an kawo mini nawa kason, kuma na ci. Ba zan yi maka ƙarya ba, da daɗi, har na sa a ƙaro. Wanda ya riga ya mutu ba a mayar da shi ruwa. Amma dubi gabas, hadarin can da ke haɗuwa ba na wasa ba ne, kuma ba duka suka hau a daren farko ba, akwai sauran masu jira a gurbi. In ya sauka cikin dare ka zo ka tashe ni, ko na yi nauyin barci ka buga ƙofar da ƙarfi. Ka zo da yaran nan da suka raka ka, ka ɗauko tocila mai sabon batir. Sandarka ka bar ta a gida, tawa ta dogarawa ta ishe mu.